Kundin Da Ba Ya Kan Kanta

Masu karatu ku yi mini haƙuri, yau ba doguwar gaisuwa, don abin da zan faɗa muku ya daɗe yana cin raina. Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Bahijja, a Kwaciri aka haife ni, nan cikin Fagge. Abin ya faru a shekarar 2003, ina da shekara ashirin da biyar.

Lokacin sojoji sun yi shekara huɗu da komawa bariki, jami'o'i sun fara samun sa'ida. Ni kuma wata bakwai ke nan da ɗaukata aiki a laburaren jami'ar da mahaifina, Farfesa Ilyasu, yake koyar da tarihi. Ba zan faɗi sunanta ba. Shugabarmu ta je wani taro ta dawo da kwamfutoci shida da magana ɗaya a bakinta: duk kundin digirin da aka taɓa rubutawa a jami'ar nan sai ya hau kwamfuta. Ta ce ta gaji da ganin malamai suna kulle bincike a durowa kamar sarƙar gwal, ɗalibi ya zo ya sha wahalar aikin da wani ya gama shekara goma baya, babu wanda ya sani. Ni aka ba wa sashen tarihi. Kullum in ɗauko kati daga durowar katuna, in nemo kundinsa a kan kanta, in buga sunan marubuci da take da taƙaitaccen bayani.

To, sai maganar Malam Nazifi.

Malami ne a sashen Baba, kuma a hannun Baba yake digirinsa na uku. Dogo ne, wankan tarwaɗa, shaddarsa kullum da karin guga, hularsa zanna bukar, ga wani turare mai sanyi da ke zama a falo ko ya tafi. Baba ne ya haɗa mu. Wata Juma'a ya ce in kai wa baƙonsa ruwa, shi ke nan. Ba zan yi muku ƙarya ba, babu wanda ya tilasta ni, ni ma ya kwanta mini. An kawo gaisuwa, an ce bayan Babbar Sallah za a sa rana. Umma kuwa tuni ta cika ƙarƙashin gadonta da kuloli da tangaran, ko tari na yi sai ta ce, "Ki kula da kanki, amarya ba ta rama."

Shi ya ba ni 'yar wayar Nokiya, lokacin salula ba a hannun kowa take ba. Kullum da rana saƙonsa zai shigo.

"Slm Bahijja. Ya aiki? Wace shekara kika kai yau?"

Da farko daɗi nake ji, in ce mutumin nan ya damu da aikina. In rubuta masa 1979. Bayan kwana biyu, 1982. Sai na lura ba ya tambayata ko na ci abinci, ba ya tambayar ciwon kan da na ce ina yi, amma shekara ba ya mantawa. Ranar da na ce masa na gama 1987, ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta shigo.

"Ki tsallake na 88 tukuna. Ruwa ya taɓa su, warin zai sa miki mura."

Na kalli kantar 1988 da ke gabana. A bushe take ƙayau, ko tabon ruwa babu.

Jama'a, ku da kanku me za ku ce?

Ban tsallake ba. Kundi ashirin da uku ne a shekarar, na samu ashirin da biyu. Kati mai lamba 214 ne kawai babu kundinsa. Sunan marubucin Nwabueze, digiri na biyu, kan cinikin atamfa tsakanin Onitsha da Kantin Kwari. Na sake karanta katin, domin digirin da Nazifi yake yi a kan dillalan atamfa na Kantin Kwari ne. Na yi ƙoƙarin kwantar wa kaina da hankali. Ai rabin ɗaliban sashen a kan tufafi suke rubutu, tunda littafin Baba kan fataucin tufafi a Kano shi ne abin alfaharin sashen, shi ya kai shi kujerar farfesa. Amma zuciyata ta ƙi.

Na tafi wurin Malam Garzali. Tsoho ne da ya yi shekara talatin da ɗaya a laburaren, saura wata biyu ya yi ritaya. Duk abin da kwamfutocinmu shida ke fafutikar sani, yana cikin kansa. Yana zaune yana cin goro na miƙa masa katin.

"Ɗari biyu da sha huɗu," ya ce, bai ma sa tabarau ba. "Mai shuɗin bango, bugun tafireta. Yana kanta ta uku daga taga."

"Ba ya nan, Baba Garzali."

"Na sani. Ya yi shekara uku ba ya nan."

"Ba ka faɗa wa kowa ba?"

Ya yi dariya. "Wa ya tambaye ni? Ke ce ta farko."

Kundin digiri ba a fita da shi, a ɗakin ake karantawa, kuma sai an sa hannu. Ya jawo tsohuwar rajista daga ƙasan tebur, ya lashi yatsa, ya buɗe. Mutum na ƙarshe da ya karɓi lamba 214, watan Maris na 2000. Na san wannan sa hannun. Yana ƙasan kowace wasiƙar Nazifi da ke cikin akwatina.

"Shi Nwabueze ɗin yana raye?"

"Ras da shi. Malami ne a nan da. Rikicin casa'in da ɗaya ya sa ya kwashe iyalinsa suka yi gida. Da farar hula suka karɓi mulki ya dawo, amma bai waiwayi jami'a ba. Yana sayar da littattafan makaranta a Sabon Gari, bayan France Road." Ya rufe rajistar ya dube ni. "'Yar nan, ke dai ki yi aikinki."

Ranar Alhamis bayan La'asar Nazifi ya zo zance. Na sa atamfata mai ruwan goro da mayafi ruwan madara, na kai masa zoɓo da cincin a ƙaramin falon waje, na zauna kamar babu komai. Muka taɓa hirar gidan da ya kama. Sai da ya kai kofi bakinsa na ce,

"Malam, ka san wani Nwabueze?"

Kofin ya tsaya a hanya. Daƙiƙa biyu ne kawai, amma na gani.

"A ina kika ji sunan?"

"A kati. Kundinsa ba ya nan."

"Katunan nan cike suke da kuskure. Ki rubuta ya ɓace, ki wuce."

"Kai ba ka taɓa ganinsa ba?"

"Bahijja, kundi nawa ne a laburaren nan? Zan iya tuna kowanne?"

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Na yi murmushi na ƙara masa zoɓo. Wato mutumin da zan aura ya sace gumin wani, zai zama dokta da shi, ni kuma ya ajiye ni a laburare ina yi masa gadi ban sani ba.

Da ya tafi Umma ta tare ni a tsakar gida tana tankaɗe.

"Me kika yi wa yaron nan ya fita fuska a ɗaure?"

"Tambaya kawai na yi masa kan aiki."

"Aiki! Ke dai da bin diddigi kamar 'yar sanda. Mahaifinki ya ɗauki yaron nan kamar ɗan cikinsa, dangi duk sun ji, Gwaggonki har ta fitar da anko. Kada ki ja mana abin kunya, Bahijja."

Ranar Asabar na ce mata zan je Kantin Kwari duba ankon. Allah ya yafe mini, na je ɗin, na taɓa atamfa biyu don kada ƙaryar ta cika, sannan na tari tasi zuwa Sabon Gari.

Shagon ƙarami ne, tsakanin mai gyaran rediyo da wata mai sayar da garin rogo da manja. Littattafai har rufi. Wata budurwa tsarata, cikin siket da riga da kitson zare, tana jera littattafan lissafi. Daga baya na ji sunanta Adaeze, 'yarsa ce.

"Sannu da zuwa, me za a ba ki?" Hausarta tas, ta 'yan Kano.

"Mista Nwabueze nake nema. Daga laburaren jami'a nake."

Fara'arta ta ɗauke nan take. Kafin ta yi magana wani dattijo ya ɗaga labule daga ciki, gajere mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa aikin da muke yi, na ce kundinsa ne babu.

"Kwamfuta," ya ce a hankali. "Wato yaro a Maiduguri zai iya sanin abin da na rubuta?"

"Nan gaba, in sha Allahu."

"Madalla. Abin da ya kamata a yi tun da ke nan." Ya shige ciki, na ji yana jan akwatin ƙarfe. Ya fito da kundi mai shuɗin bango a cikin leda. "Wannan kwafin takardar kabon ne, shi kaɗai ya rage mini."

Na karɓa na zare shi daga leda. Na karanta babi biyu na aikin Nazifi, don haka na san abin da nake nema. Na buɗe babi na ɗaya.

Masu karatu, ba aikin Nazifi na gani ba.

Sakin layi na farko yana bayanin wata mata da ke sauka daga jirgin ƙasa a Kano da dilar atamfa a ka da jariri a baya. Na san layin da ke biye kafin idona ya kai. Na san inda waƙafi yake. Shekara guda kafin nan, da za a sake buga littafin Baba, ni na zauna wata biyu na buga shi a kwamfuta tun daga shafin farko har na ƙarshe. Na buɗe babi na uku, shi ne. Na buɗe na biyar, har jadawalin sunayen fatake, shi ne. Wannan an rubuta shi a 1988. Littafin Baba ya fito 1994.

Ban san na zauna a kan kwalin littattafai ba sai da Adaeze ta miƙo mini ruwan leda.

Dattijon ya sa tabarau ya karanta katin aiki da ke rataye a wuyana. Ya daɗe yana kallon sunan.

"Ke 'yar Ilyasu ce."

Na gyaɗa kai, na kasa ɗagowa.

"Ofis ɗaya muka zauna da mahaifinki shekara shida. Kwano ɗaya muke cin abinci. Ranar da gari ya rikice shi ya ɓoye mu a motarsa, ya kai mu bariki. Wannan," ya nuna Adaeze, "a ƙarƙashin babbar rigarsa ya rufe ta. Ba zan manta ba har in mutu. Da za mu tafi na ba shi ajiyar kwali ɗaya, takarduna da kaset arba'in da biyu na hirar da na yi da 'yan kasuwa. Na ce in na dawo zan karɓa, in ban dawo ba ya ba ɗalibai su amfana."

"Sai ya amfana shi kaɗai," in ji Adaeze.

"Ada."

"Ƙarya na yi, Dadi? Wasiƙa uku ka rubuta masa. Ni na kai ta ukun da hannuna har ofishinsa."

Ya ɗaga mata hannu, ya juyo gare ni. "'Yata, ni na wuce neman suna. Littafin ya yi kyau, na gan shi, har sayar da shi na yi a shagon nan. Abu ɗaya nake so. Matar da ke sauka daga jirgi a shafin farko, mahaifiyata ce. Jaririn ni ne. Kaset na bakwai muryarta ce, tana ba da labari tana dariya. Ta rasu muna can gida. Jikokinta ba su san muryarta ba."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce ko zai ba ni aron kundin zuwa Asabar mai zuwa. Adaeze ta dafe shi da tafin hannu.

"Dadi, ka taɓa ba mutanen gidan nan ajiya sau ɗaya."

"Wancan mahaifinta ne. Wannan ita ta tako da ƙafarta." Ya zare kundin daga ƙarƙashin hannunta ya miƙo mini. "A akwati ba wanda zai karanta shi sai gara."

Adaeze ta rako ni bakin titi, ba don ƙauna ba. "Asabar," ta ce. "In ban gan ki ba, na san Kwaciri."

Ina cikin tasi waya ta yi ƙara. Nazifi ne.

"Slm. Umma ta ce kin je Kwari. Tun ɗazu? Zan zo bayan La'asar."

Na rungume ledar a ƙarƙashin mayafi. Idan ba don kansa ya ɗauke kundin ba, don wa? Watan Maris na 2000. A shekarar ne aka tura takardun Baba waje don duba cancantarsa ta zama farfesa, na tuna saboda walimar da aka yi a ƙarshenta. A shekarar ne kuma aka ɗauki Nazifi aiki a sashen.

Da ya zo ban canza kaya ba, ban kai zoɓo ba. Na shiga falon na ajiye kundin a kan teburin da ke tsakaninmu.

Ya kalle shi, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganin kansa babu hula ba.

"Kin je Sabon Gari."

"Na je. Na kuma ga sa hannunka a rajista."

Ya sunkuyar da kai.

"Ina digiri na biyu na ci karo da shi," ya ce. "Na kwana uku ban iya cin abinci ba. Bahijja, mutumin nan shi ya koya mini yadda ake riƙe alƙalami. Da wani ya gani a lokacin, da ya gama yawo. Sai na sa shi a jaka na fita da shi."

"Yana ina?"

"Yana wurina. Ko shafi ɗaya bai yage ba."

"Baba ya sani?"

"Bai sani ba."

"Ka dube ni ka faɗa."

Ya ɗago. Idonsa ya yi ja. "Bai sani ba. Ni kaɗai na yi."

Ina so in yarda, Allah ya sani ina so. In haka ne, mutum ne da ya yi kuskure saboda ƙaunar malaminsa, kuma ya yi ta kewaye-kewaye don kada zuciyata ta karye. Irin wannan ana iya zama da shi. Amma akwai wata tambaya da nake ta juyawa a raina tun cikin tasi.

"Malam, a cikin ɗaliban Baba duka, me ya sa kai aka ɗauka aiki? Kuma a cikin samarin garin nan duka, me ya sa kai ya ce in kawo wa ruwa?"

"Subhanallahi. Bahijja, me kike nufi?"

"Ina nufin ni ce tukuicin shirunka?"

Ya miƙe tsaye. "Ki ji tsoron Allah! Tun kina aji biyu a jami'a nake ganinki kina zuwa ofishinsa karɓar mukulli. Shekara nawa ina..."

"To ranar Litinin ka dawo da kundin kan kanta. Ni kuma zan buga lamba 214 da sunan mai shi da shekararsa."

"Kin san abin da zai biyo baya? Duk ɗalibin da ya buga kalmar atamfa, sunaye biyu za su fito masa. Mahaifinki ne fa. Umma fa? Ƙannenki?"

"Shi ma wancan yana da 'ya."

Daidai nan muka ji tsayuwar motar Baba a ƙofar gida. Ƙofar falon waje a buɗe take, kuma ta nan yake bi ya shiga sashensa. Nazifi ya yi wuf zai ja mayafin kujera ya rufe kundin, na dafe shi da hannu biyu.

Baba ya yi sallama ya shigo cikin farar babbar riga, jarida a hammata, mukulli a hannu, yana murmushin nan nasa na in ya gan mu tare.

"A'a, Nazifi, yau Asabar ma ba a bar mana 'yar..."

Idonsa ya sauka a kan shuɗin bangon. Duk kundayen shekarun nan bangonsu iri ɗaya ne, ba ka bambance na laburare da na mai shi sai ka buɗe. Na ga murmushin yana zagwanyewa daga fuskarsa a hankali. Na buɗe baki zan ce Mista Nwabueze yana gaishe shi, zan ce kaset na bakwai, amma ko kallona bai yi ba. Wurin Nazifi ya juya, ya yi ƙasa da murya, kamar ya manta akwai mutum na uku a ɗakin.

"Ba ka ce mini ka ƙona shi ba?"

Hular Nazifi ta faɗi ƙasa, babu wanda ya sunkuya ya ɗauka. Daga tsakar gida Umma ta ɗaga murya tana tambayata ko kalar ankon ta yi mini.